Da Gobir da Katsinar Maraɗi Sun Ci Yaƙin Gawakuke, Me Za a Kira Ƙasarsu?

Wani ɗalibina ɗan Tsibirin Gobir ya kawo mini daftarin wani ƙagaggen labari da yake rubutawa, irin wanda na saba kira tarihin da-a-ce, wato labarin da marubuci zai kama wata rana ta tarihi ya juya sakamakonta, sannan ya bi sawun abin da zai iya biyowa baya. Ranar da ya zaɓa ita ce ta yaƙin Gawakuke na shekarar 1836. A zahirin tarihi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya yi rinjaye a wannan yaƙi a kan taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda, Ibra kuma wanda ya jagoranci Abzinawa ya tsira da ƙyar. A labarin ɗalibin, taron dangin ne ya yi nasara, suka kafa babbar ƙasa wadda ta rayu har zuwan Turawa. Ya raɗa mata suna Tarayyar Daular Hausa.

Na ce masa labarin ya yi armashi, amma sunan nan Rauda bai taɓa jin irinsa ba, kuma da maroƙi ya faɗe shi a ƙofar fada da ba wanda zai gane da wa yake. Ya ce, "To Malam, wane suna ya dace?" Amsar ta fi ƙarfin hirar tsaye a bakin aji, shi ya sa na rubuta ta a nan, don tambayar ta shafi tarihi kuma ta shafi nahawu.

Sai mun fara sanin halin da ake ciki kafin ranar yaƙin. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soma a 1804. Birnin Kabi ya faɗi a 1805, Birnin Katsina wajen 1807, Alkalawa hedkwatar Gobir kuma a 1808, inda Sarki Yunfa ya rasa ransa. Gidajen sarautar da aka kora ba su ɓace ba. Katsinawa suka naɗa Ɗan Kasawa, suka yi zaman jira a ƙasar Damagaram, daga baya wajen 1819 ya kama Maraɗi ya mai da ita mazauninsa. Kabawa suka tare a Argungu. Zazzagawa suka yi kudu, inda Abu Ja ya gina garinsa a 1828. Gidan Daura ya rarrabu tsakanin Zango da Ɓaure. Abin lura a nan shi ne abin da kowannensu ya ɗauka ya gudu da shi. Sun bar ganuwa da kasuwa da kaburburan kakanni, amma ba wanda ya bar suna. Mai mulkin Maraɗi bai kira kansa Sarkin Maraɗi ba, Sarkin Katsina yake, har gobe. Na Argungu Sarkin Kabi ne. Na Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, Sarkin Zazzau ne. Mayaƙi da ya kafa Tsibiri bayan Gawakuke, a gefen Maraɗi tafiyar da ba ta kai kilomita 15 ba, Sarkin Gobir ne. Riƙe sunan shi ne hujjar cewa har yanzu ana bin bashin birnin da aka rasa, sakinsa kuwa daidai yake da yafe gado.

Waɗanda suka ci ƙasar ma ba su taɓa sunayen ba, kuma wannan ya fi ba ni mamaki. Masu tutar Shehu da suka hau gadon Kano da Katsina da Zazzau sun ci gaba da amsa Sarkin Kano da Sarkin Katsina da Sarkin Zazzau. A cikin zuriyar Shehu kansa aka sami Sarkin Gobir na Isa da Sarkin Gobir na Gwadabawa. A Yabo akwai Sarkin Kabi wanda ba Bakabe ba ne. Zamfara na da sarkinta na tsohon gida a Anka, ga kuma wani Sarkin Zamfara a Zurmi. Haka abin yake a Borno: gidan Shehu Laminu ya karɓe iko daga Saifawa, daular Saifawa ta ƙare a 1846, Rabeh ya zo ya rushe Kukawa a 1893, ƙasar dai tana nan Borno. A wannan yanki namu gidan sarauta ya fi sunan ƙasa saurin mutuwa. Duk marubucin da zai ƙirƙiro sabon suna ga ƙasar da tsofaffin gidaje suka kafa, sai ya fara gaya mana dalilin da zai sa su saki nasu.

Mu ɗauki sunan ɗalibin kalma bayan kalma. Tarayya a ma'anar tsarin mulkin da jihohi ke haɗuwa ƙarƙashin gwamnati ɗaya Hausar ƙarni na 20 ce, ta rediyo da jarida. Daula kalmar Larabci ce da ta daɗe a bakin Hausawa, sai dai a maganar yau da kullum ta fi nufin ni'ima da wadatar mulki, kamar a ce wane yana cikin daula. Jingina ta ga sunan wuri, a ce Daular Borno ko Daular Mali, salon littattafan makaranta ne. Mutumin 1836 ƙasa zai ce: ƙasar Gobir, ƙasar Katsina.

Saura Hausa, kuma a nan gardamar take. Ba shakka kalmar tana nan a lokacin, sunan harshe ce kuma sunan yanki, Muhammadu Bello ma ya yi amfani da ita a Infaƙul Maisuri wanda ya rubuta a 1812. Amma ba ta taɓa zama sunan gadon sarauta ba. Ibn Battuta, da ya ratsa Takedda a 1353, Gobir ya ambata. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a ƙarni na 16 ya lissafa Gobir da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara ɗaya bayan ɗaya, kowace da babinta. A jerin sarakunan waɗannan birane ba a naɗa kowa Sarkin Hausa ba. Inda ake samun Sarkin Hausawa shi ne baƙon wuri, a zangon Kumasi ko Yawunde ko Sabon Ibadan, inda Bakano da Bagobiri da Bakatsine suka tarar cewa masu gari kallon abu ɗaya suke yi musu. A gida kuwa Bagobiri Bagobiri ne, da tsagarsa a fuska, da labarinsa na cewa kakanninsa daga gabas suka fito, har ana danganta su da Kibɗawan Masar. Sarki Ali ba zai yarda a narkar da wannan cikin wata kalma da ta haɗa shi da kowa ba. Makwabta ma kowa da yadda yake faɗa: Barebari su ce Afuno, Yarbawa su ce Gambari, a bakin Zabarmawa da Sonrai kuwa hausa na nufin gaɓar hagu ta kogin Kwara, kishiyar gurma.

Da na kai nan sai ɗalibin ya ce to a kira ta Hausa Bakwai. Sunan na da daɗin ji, kuma tsoho ne. Matsalarsa ta siyasa ce. Bakwai ɗin su ne Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram. Kabi da Zamfara a ɗaya jerin suke, wanda ake kira Banza Bakwai. Ƙasar da aka kafa don yaƙar Sakkwato ba ta da abokan da suka fi Kabawa da Zamfarawa amfani, tun da su ne ke yamma da kudu da ita. Wane sarki mai hankali ne zai zaɓi sunan da zai riƙa tuna wa abokin yaƙinsa cewa shi banza ne? Haɓe kuwa, wadda ake yawan gani a littattafan tarihi, kalmar Fulatanci ce, jam'in kaɗo, kuma tana nufin wanda ba Bafulatani ba. Za ta iya fitowa a labarin, amma daga bakin mutanen Sakkwato.

Akwai wata hanyar raɗa suna da ta yi aiki a ƙarnin, wato sunan mutum. Adamawa daga Modibbo Adama ta samo suna, da ɗafin -awa wanda ke nuna mutanen wani ko mazauninsu. Ɗafin ya cika taswirarmu: Alkalawa, Gwadabawa. A nahawu babu abin da ya hana a ce Raudawa. Sai dai Modibbo Adama ya haɗa ƙasashen da ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki ɗaya ba, don haka babu tsohon suna da zai gada. Rauda kuwa gado yake nema. Misalin Abu Ja ya isa: garin ya ɗauki sunansa, sarautar ta zauna Zazzau. Ina ganin marubuci na iya ba wa sabon birni sunan gwarzonsa, kamar sansanin da aka kafa a filin yaƙi ya girma ya zama gari, amma ya bar ƙasar da nata.

Adamawa na da wani sunan, Fombina, wato kudu da Fulatanci, kuma wannan ya sa wasu za su ce me ya hana Arewa. Abu biyu ne. Sunan nahiya daga idon mai kallo yake fitowa, Maraɗi da Gobir kuwa arewa suke ga wanda ke zaune a Kano ko Zariya, ba ga kansu ba. Na biyu, akwai ƙasar Arewa tun tuni, ta Arawa, wajen Matankari da Dogon Dutsi, da sarkinta. A rubuce kalmomin iri ɗaya ne, mai karatu ɗan Nijar zai ruɗe tun shafin farko.

Kafin in faɗi zaɓina, ga wani gwaji da nake ba ɗalibai, wanda ya fi kowane dogon bayani saurin kama suna na jabu. A sa sunan a bakin Hausa a ga ko zai tauna. Daga Gobir muna samun Bagobiri, Bagobira, Gobirawa, Gobiranci, Sarkin Gobir. Daga Katsina, Bakatsine, Katsinawa, Katsinanci. Daga Kabi, Bakabe da Kabawa da Kabanci. Kowanne kuma yana da kirarin da ya zauna masa, Gobir gidan faɗa, Katsina ɗakin kara. A gwada da Tarayyar Daular Hausa: ɗan ƙasar sunansa wa? Wane kirari sankira zai yi mata? A kuma tuna sunan gari da na ƙasa jinsin mace yake ɗauka, shi ya sa muke cewa Katsinar Maraɗi da -r, sai fa in an sa birni a gaba, a ce Birnin Katsina, Birnin Lalle, Birnin Ƙonni. Na sha ganin marubuta sun ƙirƙiro suna mai kyau sannan sun ɓata shi da mahaɗin da bai dace ba.

Idan duk waɗannan sun faɗi, saura biyu: Gobir ko Katsina. A nan dole marubucin ya koma ga labarinsa, domin sunan ba zai fito ba sai an san wanda ya rinjayi wani bayan nasara. Ƙawancen Gawakuke na maƙiyi ɗaya ne, ba na ƙauna ba. Shekaru kamar hamsin kafin nan Gobir da Katsina sun yi ta gwabzawa, har da karon Ɗan Kaishi a zamanin Bawa Jan Gwarzo, kuma Maraɗi kanta na cikin wuraren da suka yi jayayya a kai. Da Bello ya faɗi a Gawakuke, abin da ya fi kusa da hankali shi ne kowa ya nufi gidansa: Ali ya gangara kwarin Rima ya nemi Alkalawa, Rauda ya juya kudu ya nufi Birnin Katsina, inda Ummarun Dallaje bai daɗe da rasuwa ba, Siddiƙu na kan gado. Abzinawa su karɓi rabonsu su koma wajen raƙumansu da hanyar gishiri. Wato ƙasa biyu za a samu. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma majalisar Tara ta Gobir ba za ta zauna ƙarƙashin Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi na Katsina da daɗin rai ba. In marubuci ya nace sai ƙasa ɗaya, to ya rubuta mana yaƙi na biyu, ko auren siyasa, ko rikicin gado da ya ba ɗaya damar naɗa wa ɗayan sarki.

Gobir na da hujjarta. Suna ne mai tafiya, wanda ya taso daga Abzin ya sauko Birnin Lalle, sannan a tsakiyar ƙarni na 18 Sarki Babari ya rushe Birnin Zamfara ya gina Alkalawa a kan ƙasar Zamfarawa, wurin ya koma Gobir. Ga misali a fili na yadda sunan mai nasara ke shimfiɗuwa a kan na wanda aka ci. Sakkwato da Wurno kuma a bakin ƙofarta suke, don haka ita za ta fara cin ganimar faɗuwarsu.

Duk da haka Katsina nake zaɓa, ko da yake na san ɗalibina ba zai so ba. Ali ya yi shekaru yana sarauta ƙarƙashin amanar Sakkwato kafin ya yi tawaye, Maraɗi kuwa ta riga ta yi kusan shekara 17 tana cin gashin kanta, da dawakinta da dajin da ke kare ta da hulɗarta da Damagaram da Agadas. Babban dalilin dai kasuwa ce. A ƙarni na 18 Birnin Katsina ne babban masaukin ayarin Sahara a ƙasar Hausa, yaƙe-yaƙen da suka biyo jihadi ne suka kori fatake zuwa Kano. Barth ya ga haka da idonsa a 1851, ya tarar da birni mai faɗin ganuwa da ƙarancin mutane. Da Rauda ya koma gida a 1836 hanyar arewa ta zauna lafiya, da wani rabo na wannan ciniki ya dawo. Sunan da fatake ke kai wa nesa shi ne wanda duniya ke sani. Tun kafin jihadi malaman Masar sun san nisbar al-Kashnawi, saboda irin su Muhammadu al-Kashnawi masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741. Turawan Ingila ma a wajen 1790, daga labarin da suka tattara a bakin fataken Arewacin Afirka, sun ɗauki Kashna a matsayin babbar daula a tsakiyar Sudan. Sunan ya riga ya yi musu girma a kunne tun ƙasar ba ta kai haka ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi so ɗalibai su riƙe, cewa ƙasa ɗaya ba ta da suna ɗaya. Daular da muke kira ta Sakkwato ko Usmaniyya ba haka mutanenta na farko suka kira ta ba. Su Jama'a suke cewa, shugabansu Amirul Muminina, da Hausa Sarkin Musulmi. Bello da ya rubuta tarihinta, ƙasar Takrur ya sa a sunan littafin. Clapperton da ya ziyarce shi a 1824 daular Fillatawa ya gani. Laƙabin halifancin Sakkwato da ya zama ruwan dare a jami'o'i ya bazu ne bayan littafin Murray Last na 1967. Damagaram ma haka: sunan wani ƙauye ne na farkon gidan sarautar, ya bi su har birni, Bahaushe na cewa Damagaram, takardun gwamnati na cewa Zinder. Labarin da zai gamsar sai ya ba ƙasarsa suna huɗu aƙalla. A fada da kasuwa a ce ƙasar Katsina. Magatakarda ya rubuta Kashina da harufan Larabci a wasiƙar da za a kai Agadas ko Kukawa. Mutanen Sakkwato da suka yi saura su ce ƙasar Haɓe. Baturen da ya zo da taswira ya rubuta Kashna. Gobirawa kuma, a cikin gidajensu, su ci gaba da cewa Gobir, su ƙi furta ɗayan sai dole. Wannan ƙin furtawa kaɗai ya isa babi guda.

Kada a ɗauka zaɓen suna ado ne kawai. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1890 an ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi, da sharaɗin cewa duk abin da ke na masarautar Sakkwato ya faɗa rabon Ingila. Daga nan gardama ta koma kan ina Sakkwato ta tsaya, aka yi ta gyaran layin a 1898 da 1904 da 1906. Ƙarshenta Maraɗi da Tsibiri, waɗanda ba su taɓa bin Sarkin Musulmi da son ransu ba, suka faɗa hannun Faransa, Birnin Katsina da kufan Alkalawa suka faɗa hannun Ingila. Shi ya sa yau ake da Sarkin Katsina biyu, ɗaya na karɓar takarda da Faransanci ɗaya da Ingilishi. A duniyar ɗalibina kalmar da za ta shiga wannan yarjejeniya Kashna ce, kuma iyakar za ta bi inda Turawa suka ɗauka Kashna ta tsaya. Ko ƙasar za ta riƙe sunan bayan mulkin mallaka, wannan wata tambaya ce. Nijeriya Flora Shaw ce ta ba da shawarar sunanta a 1897 daga sunan kogi, Nijar ma kogin ta bi. Gana a 1957 ta ɗauko sunan tsohuwar daular da ba a cikin iyakarta take ba, Dahome ta koma Benin a 1975 don kada sunan masarauta ɗaya ya danne sauran al'ummu, Burkina Faso kuma a 1984 ta haɗa kalmar Mosanci da ta Julanci. In labarin ya kai 1960, to a nan ne Tarayyar da ɗalibin ke so za ta iya shigowa, a bakin 'yan boko da ke neman sunan da Bagobiri da Bakabe za su amince da shi.

Bayan mako biyu ya dawo da daftarin. Ya cire Tarayyar Daular Hausa, ya karɓi maganar suna huɗu, har ya ƙara na biyar a bakin Abzinawa. Amma ya rubuta sabon babi inda Rauda ya mutu da raunin kibiya kwana uku bayan nasara, 'ya'yan gidan Korau suka rabu a kan gado, Sarki Ali ya shiga tsakani ya naɗa wanda yake so. Ƙasar ta zama Gobir. Na karanta babin sau biyu ina neman inda zan kama shi, na tarar ya toshe ƙofofin da na nuna masa ɗaya bayan ɗaya, har da ta fatake, don ya sa Ali ya sauke wa ayarin Agadas kuɗin fito na shekara bakwai. Gyara ɗaya na yi masa, a shafi na huɗu, inda ya rubuta Gobir ɗin Ali na mai da shi Gobir ta Ali.